Rana tamu ce, amma wa zai gyara famfon? Jawabi a kan Farfesa Abdou Moumouni



Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, malamai abokan aiki, ƙannena da ƴaƴana ƴan makaranta, sannunku da zuwa, sannunku da zafi. Na ga waɗanda suka taso tun daga Belbeji da Gangara da Bakin Birji don wannan zama. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidanshi lafiya.

Ni dai malamin fizik da shimi ne a kwaleji, abin da yara ke ce wa mushe. Haihuwar yankin Tarka ne ni, aiki ya kawo ni Tanut. An ce in yi magana yau saboda 7 ga Afrilu ce, ranar da ƙasarmu ta keɓe don tunawa da makamashin da ba ya ƙarewa, irin su rana da iska. An zaɓi wannan rana ne don a cikinta Allah ya yi wa Farfesa Abdou Moumouni Dioffo rasuwa, a Yamai, a shekarar 1991.

Satin da ya wuce na tambayi ƴan ajina masu shirin brebe, na ce, "Wane ne Abdou Moumouni?" Hannu ya tashi da yawa, na ji daɗi. Na farko ya ce, "Mushe, jami'a ce a Yamai." Na biyu ya ce nan yayanshi yake karatu. Ba wanda ya ce mutum ne, balle a zo ga abin da ya yi. Sai na juya tambayar, na ce to wa ya san wani baƙar fata da ya ƙirƙiro wani abu a duniya? Wata yarinya a baya ta ce, "George Washington Carver, mai gyaɗa, na gan shi a wayar yayata."

Ban yi fushi da yaran ba, don ba laifinsu ba ne. Abin da aka nuna masu shi suka gani. Amma na kwana ina juya abin a raina. Mutumin Amurka ya iso Damargu ta cikin waya, namu da aka haifa a Tasawa, ya yi lakwal a Damagaram, bai iso ba. Shi ya sa zan fara da wanda yarinyar ta sani, sa'an nan in dawo gida.

An haifi Carver wajajen 1864 a jihar Misuri ta Amurka, cikin bauta. Yana jariri ɓarayin mutane suka sace shi tare da mahaifiyarshi. Shi an same shi, ita ba a ƙara ganinta ba. Da ya girma wata kwaleji a Kansas ta karɓe shi ta wasiƙa, da ya je suka ga baƙi ne sai suka mai da shi. Bai daina ba har ya yi karatun noma mai zurfi a Ayowa. A 1896 Booker T. Washington ya kira shi makarantar Tuskegee ta baƙaƙen fata a jihar Alabama, nan ya zauna yana aiki har rasuwarshi a 1943.

Me ya tarar a can? Manoma talakawa, jikokin bayi, ƙasarsu ta gaji saboda shekara da shekaru auduga kaɗai ake shuka mata. Ba su da kuɗin takin zamani. Sai ya ce masu su riƙa hutar da gona da gyaɗa da wake da dankali. In kuka tumɓuke wake za ku ga wasu ƴan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. A cikinsu akwai ƙananan halittu da ke kamo sinadarin azot daga iska su mai da shi abincin ƙasa. Wannan waken da Carver yake yabo, daga nan Afirka ta Yamma ya tafi can a zamanin cinikin bayi. Kakanninmu da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya sun san amfanin abin, sunan sinadarin ne kawai ba su sani ba.

Manoman suka ce to in mun noma gyaɗar, mu yi yaya da ita? Sai ya shiga ɗakin gwaji, ya yi ta fitar da hanyoyin sarrafa ta. A 1916 ya buga wani ɗan littafi mai hanyoyi 105 na mai da gyaɗa abinci. In faɗa maku gaskiya, a waya ana ƙara wa labarin gishiri. Yawancin abubuwan da ya haɗa ba su taɓa shiga kasuwa ba, kuma ba shi ya fara markaɗa gyaɗa ba, iyayenmu mata na yin mai da ƙuliƙuli ba tare da sun ji sunanshi ba. Abin da ya fi burge ni a aikinshi amalanke ne. A 1906 makarantarsu ta haɗa wani keken doki, aka ɗora mashi garma da iri da kayan gwaji, ana bi ƙauye ƙauye ana nuna wa manomi a gonarshi, da bakin da yake ji. Ku riƙe mini wannan amalanken, zan dawo kanshi.

Yanzu namu. An haifi Abdou Moumouni ranar 26 ga Yuni 1929 a Tasawa. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai. A 1944 ya tafi Senegal, makarantar William Ponty, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na dukan ƙasashen da take mulka a yankinmu. Daga Dakar ya wuce Paris. A 1956 ya ci jarrabawar da Faransawa ke kira agrégation a fannin fizik, jarrabawar da su kansu ƴaƴan Faransa kaɗan ne ke tsallake ta. Shi ne na farko da ya yi haka daga ƙasashen baƙar fata na renon Faransa.

Mai irin wannan takarda a lokacin, da ya so zama a Faransa da ya zauna cikin rufin asiri. Ya dawo yana koyarwa a Dakar. A watan Satumba na 1958 ƙasar Gine ta ce a'a ga tayin Janar de Gaulle, ta karɓi ƴancinta. Faransa ta yi fushi ta kwashe malamanta da ma'aikatanta. Sai wasu ƴan boko na Afirka suka bar ayyukansu suka tafi Konakiri don kada makarantu su rufe. Abdou Moumouni na cikinsu, tare da irin su Joseph Ki-Zerbo na Burkina. Bayan nan ya koyar a Yamai, sa'an nan a farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyat ya zurfafa bincike a kan makamashin rana. Daga 1964 zuwa 1969 yana Bamako, nan ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali. A tsakanin nan, a 1967, ya samu babban digirin dakta na ƙasar Faransa.

A 1969 ya dawo gida ya karɓi jagorancin ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana ta Nijar, ya riƙe ta har 1985. Ya kuma shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 na wasu ƴan shekaru. Shekara ɗaya bayan rasuwarshi, a 1992, aka sa wa jami'ar sunanshi.

Ku dubi shekarun nan da kyau. A 1964 man fetur araha yake a duniya, ba wanda ke maganar zafin yanayi, babu fano ko ɗaya a kasuwa. Mutum ya ce zai ba da rayuwarshi ga rana, sai a yi mashi kallon wanda karatu ya taɓa. Shi kuwa lissafi ya yi. Ƙasarmu ba ta da teku, a lokacin duk litar mai sai ta yi doguwar tafiya kafin ta iso. Itacen girki na ƙarewa. Amma da tsakar rana, duk taku ɗaya a tsaye da ɗaya a kwance, wato mita ɗaya murabba'i, yana karɓar kusan wat 1000 daga sama. A yini guda ana samun kilowat-awa 5 zuwa 7 a wannan ɗan filin. Ba kwastan, ba kuɗin mota, ba wanda zai iya rufe mana iyaka a kanta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Me suka ƙera a ONERSOL? Bari in kawo huɗu, in faɗi yadda suke aiki, don yaran da ke nan su ga ba tsafi ba ne.

Na farko, abin ɗumama ruwa. Akwati ne mai faɗi, a shafa wa cikinshi baƙin fenti, a jera bututu, a rufe da gilashi. Baƙi na shan zafi, gilashi na barin haske ya shiga ya hana zafin fita. Ruwan da ya yi zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, sai ya hau da kanshi zuwa tankin da ke sama, na sanyi ya sauko. Babu inji, babu kuran. An ɗora irinsu a kan gidaje da ma'aikatu a Yamai.

Na biyu, abin tace ruwa. Kwano mai faɗi baƙi, gilashi a karkace a samanshi. Rana ta sa ruwa ya yi tururi, tururin ya taɓa gilashi ya koma ɗigo, ya gangara cikin kwalba. Gishiri da kanwa da laka su tsaya a ƙasa. Mita ɗaya murabba'i na ba da lita uku zuwa huɗu a yini. Wannan shi ne ruwan da ake zuba wa batir, da wanda ake aiki da shi a ɗakin gwaji.

Na uku, murhun rana. Madubi ne mai siffar ƙwarya, ya tattara hasken da ya faɗo mashi wuri ɗaya, daidai gindin tukunya. Duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin tabarau ya san abin.

Na huɗu, wanda ya fi ci mashi rai, injin da zafin rana ke juyawa don jawo ruwa. A tattara zafi, a tafasa wani ruwa ya zama tururi, tururin ya tura inji kamar yadda mai ke turawa. Ku tuna farin 1973 da na 1984, ku tuna yadda dabbobi suka zube a bakin rijiyoyin Damargu, za ku gane abin da mutumin nan yake hange.

Akwai kuma rabin aikinshi da ba a cika faɗa ba. A 1964 ya buga littafi a Paris mai suna L'Éducation en Afrique, wato tarbiyya da ilimi a Afirka. A ciki ya nuna cewa lakwal ɗin mulkin mallaka an gina ta ne don samar da akawu da tafinta, tana raba yaro da gona da maƙera da harshen uwarshi. Ya nuna cewa a tarbiyyarmu ta gargajiya koyo da aiki tare suke tafiya, ɗan maƙeri a gindin zuga yake koyo. Ya nemi a riƙa koyar da yara da harsunanmu, a kuma haɗa makaranta da sana'a. Mutumin da ya fi kowa iya Faransanci da lissafi a zamaninshi ne fa yake faɗin haka. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma ni da ke tsaye gabanku, har yau da Faransanci nake koyar da kuran ga yaron da ke mafarki da Hausa ko Barbarci ko Tamajak ko Fillanci. Yana haddace dokar Ohm ya rubuta mini ita daidai, in fitilar ɗakinsu ta mutu sai ya kira wani.

To, ga tambayar da wani dattijo ya yi mini da na ba shi wannan labari. Ya ce, "Ɗana, in haka mutumin nan yake, don me ban taɓa ganin kayanshi a Belbeji ba?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba ma girmama malami da ɓoye gaskiya.

Dalili na farko, duniya ta bi wata hanya. Shi ya fi ba da ƙarfi ga zafin rana, madubi da tururi. Fano kuwa da haske yake aiki. Ana yin shi da silikon, wanda ake fitarwa daga farin dutse da rairayi a tanderu mai zafin kusan digiri 2000, a tace shi har ya yi tsarki ƙwarai. In haske ya faɗa mashi sai ya ba da kuran kai tsaye, babu abin da ke juyawa. A zamanin Abdou Moumouni fano tsada gare shi, sai taurarin ɗan Adam da manyan ayyuka. Tsakanin 2010 da 2020 farashinshi ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, galibi saboda masana'antun ƙasar Sin. Shi ya sa yau kuke ganin shi a kasuwar Tanut kusa da mai sai da tabarma.

Dalili na biyu, ni na ɗanɗana shi da kaina. Shekarun baya muka haɗa murhun rana da ƴan ajina, da kwali da takardar alminiyom. Ya tafasa ruwa, muka yi ta tafi. Na ɗauke shi na kai wa mahaifiyata da hutu, ina ta ɗoki. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Kai yanzu so kake in tsaya tsakar rana ina tuƙa tuwo, haske na kashe mini ido? Kuma wa ke cin tuwon dare da azahar?" Ban da amsa. Da rana tana gona ko rijiya, girkinta da asuba ne da almuru, kuma tuwo sai an dafe tukunya an tuƙa da ƙarfi. Ƙarshenta kaji ne suka riƙa kwana a ciki. Lissafina daidai ne, amma ban tambaye ta ba kafin in fara. Da na tambaye ta, da ta ce mini abin da take so shi ne inda za ta shanya kuɓewa da tumatir ƙura da ƙuda ba su taɓa ba. Da muka yi mata wannan daga baya, akwati mai raga da leda, har maƙwabta ke aro.

Dalili na uku shi ne amalanken Carver. Kayan ONERSOL a Yamai aka yi su, a Yamai yawancinsu suka tsaya. Daga Yamai zuwa Tanut ya fi kilomita dubu. Ba a samu waɗanda za su ɗauko ilimin su bi da shi kasuwa kasuwa, su zauna da maƙera da masu walda su nuna masu ba. Sa'an nan kuɗin iraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aljihun gwamnati ya bushe, bincike na cikin abubuwan farko da aka tsuke wa baki. Ma'aikatar ba ta mutu ba, an sake mata suna CNES, yau kuma ANERSOL ake ce mata. Amma abin da ya faɗa a littafinshi shi ya faru da ƙere-ƙerenshi. Ilimin da bai sauka a harshen mutane da hannun masu sana'a ba, tsatsa ke cinye shi.

Kada ku ce wannan tsohon labari ne. Bari in ba ku na bara waccan. A wani ƙauye na yankinmu, can cikin Tarka, wani froje ya haƙa foraji, ya sa famfo mai aiki da rana, ya gina shato. Ranar buɗewa aka yi guɗa. Mata suka huta da rijiya mai gaba arba'in, inda jaki ke jan wasaki ya yi nisa har ka daina jin muryar mai kora shi. Ƴan mata da yawa suka koma aji. Bayan shekara biyu, tsakiyar bazara irin wannan, famfo ya tsaya. Froje ya riga ya tashi. Ba wanda ya yarda ya taɓa, kowa na tsoron a ce shi ya ɓata. Wata huɗu ana jira. Ɗiyar ƙanwata na cikin waɗanda aka cire daga lakwal don ɗibar ruwa, kuma har yau ba ta koma ba, an yi mata aure. Da aka tara kuɗi aka ɗauko mai gyara daga Damagaram, kun san abin da ya tarar? Waya ɗaya ce ta ƙone a cikin akwatin da ke haɗa fanon da famfo, ga kuma ƙura ta yi kauri a kan gilasan. Bai yi awa ɗaya ba ruwa ya zubo. Kuɗin motarshi ya ninka kuɗin abin da ya canza sau da yawa.

A ƙauyen nan akwai samari fiye da goma da suka yi kwaleji. Biyu daga cikinsu ni na koyar da su. Da na ji labarin, kunya ce ta kama ni kafin fushi.

Ga abubuwan da ya kamata a ce kowane ɗan kwaleji a Damargu ya sani, kuma zan faɗe su yanzu kyauta. Fano kudu yake duba a ƙasarmu, a ɗan karkace shi kamar digiri 15. A goge shi da sassafe da tsumma mai laushi, kada a watsa mashi ruwan sanyi da rana tsaka. Inuwar reshe ɗaya a kusurwa na iya rage ƙarfin fanon gaba ɗaya. Zafi na rage mashi ƙarfi, don haka a bar iska na wucewa ta ƙarƙashinshi, kada a manna shi a kan kwano. Batir mai ruwa kuwa, darma ce da ruwan asid a cikinshi. In ana shanye shi ƙaf kullum ba zai daɗe ba, a tsaya a rabi. In ruwanshi ya ragu, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba na rijiya ba, don gishirin da ke ciki na kashe shi. In ya mutu kuma, don Allah kada a fasa shi a tsakar gida, kada a narka darmar kusa da yara. Darma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A 2010 gubar darma daga dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara, nan maƙwabtanmu. Batiran da muke saye yau, nan da ƴan shekaru duk za su zama juji a garuruwanmu, ya kamata mu san inda za mu kai su.

Ku duba kuma kudu da mu. Matatar mai ta SORAZ, da aka buɗe a 2011, mai iya tace ganga 20,000 a yini, a ƙasar Olelewa take, cikin wannan yanki namu na Tanut. Aikin da ake yi a ciki ɗan'uwan na kwanon tace ruwan nan ne, a dafa ɗanyen mai, kowane sashe ya yi tururi a nashi zafin, a kama gas daban, esans daban, gazuwal daban. Shimi ke nan tsantsa. Muna yawan cewa a ɗauki ƴaƴanmu aiki, kuma haƙƙinmu ne mu faɗa. Amma mu tambayi kanmu, yara nawa muke turawa sashen kimiyya a lise? Mata nawa ne a ciki? A watan Agusta na 2023, da aka yanke kuran da ke zuwa daga Najeriya, ƙasa duka ta ji a jikinta. Tashar rana ta Gorou Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta taimaka da ta fara aiki, kamar yadda ta Malbaza mai megawat 7 ke yi tun 2018. Lissafin da mutumin Tasawa ya yi shekara sittin baya, sai a lokacin kowa ya yarda da shi.

Zan rufe da roƙo, kowa da nashi.

Iyayenmu masu gari da ƴan kwamitin ruwa, duk wanda ya zo zai sa maku famfo, ku yi godiya, sa'an nan ku ce sai ya koyar da mutum biyu ƴan garin, mace da namiji, ya bar masu abin auna kuran da takardar bayani da harshen da suke ji. Ku sa wannan a yarjejeniya kafin a fara haƙa. Kuɗin da ake karɓa a bakin famfo kuma, a ware na gyara, a riƙa karanta lissafinshi a bainar jama'a.

Hukumomin ƙananan garuruwanmu, Tanut da Olelewa da Gangara da Falanko da Tenhiya da Tarka, a ƙirga famfunan rana da ke kowace ƙasa, a san nawa ke aiki nawa suka tsaya, a lissafa masu gyara da lambobin wayarsu a manna a ƙofar ma'aikata. Wannan ba ya bukatar froje.

Abokan aikina malamai, ni na fara da kaina. Na yi alkawari gabanku, duk ranar Asabar da safe zan buɗe aji ga duk mai so, ɗan makaranta ko mai walda ko mai cajin waya ko matar aure, mu kwance fano da batir da famfo mu ɗaura, da Hausa. Wanda ke jin Barbarci ko Tamajak ko Fillanci ya zo ya taya ni fassara. Abin auna kuran guda nake da shi, wanda ke da wani ya ara mana. In abin ya kankama, mu ɗora kayan a amalanke mu bi kasuwannin ƙauye.

Iyayenmu mata, kafin mu ƙera wani abu za mu zo mu tambaye ku. Ku faɗa mana gaskiya kamar yadda tawa ta faɗa mini. Kuma in famfo ya tsaya, don Allah kada ɗiya ta zama ita ce abin da za a fara cirewa daga aji.

Ku kuma ƴaƴana, musamman ke da kika san Carver, na gode maki, ke kika jawo wannan magana. Ki ci gaba da karanta labarinshi. Amma gobe in an tambaye ki Abdou Moumouni, ki ce mutum ne, a Tasawa aka haife shi, a Damagaram ya fara riƙe allo kamar yadda kike riƙewa, kuma ya bar aiki bai ƙare ba.

Allah ya ji ƙan Farfesa Abdou Moumouni, ya sa abin da ya bari ya zama sadaka mai gudana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Damargu da Nijar lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure nawa ne, ku yafe mini.

Wassalamu alaikum. Masu tambaya, bismillah.